Haƙƙin Jiki A Kan Ma'aikacin Biro

Wannan nasiha ce zuwa gare ku, ya ku 'ya'yana samari da 'yan mata na Gure da kewayenta, musamman waɗanda Allah ya nufe su da ƙare karatu, suka sami kujera da tebur a ofishin kantoma, ko na magajin gari, ko gidan shari'a, ko asibiti, ko wajen ƙungiyoyin agaji da gidajen aika kuɗi, da kuma waɗanda har yanzu suke kan bencin makaranta suna ɗokin ranar da za su samu. Abin da zan yi muku magana a kansa ba ya cikin mas'alolin da akan tara jama'a a yi wa'azi dominsu, gama ba ya kisa farat ɗaya, ba ya kuma kwantar da mutum har dangi su zo dubiya. Sai dai yana cin ma'aikaci a hankali, shekara bisa shekara, har ya wayi gari ba ya iya waiwaye sai ya juya da jikinsa duka, alƙalami yana suɓuce masa daga yatsu, alhali kuwa ko furfura bai fara ba. Ina nufin ciwon wuya, da tsamin kafaɗa, da mutuwar hannu, waɗanda suka zama abokan zaman masu aikin biro.

Ku sani, garin nan namu ba a kafa shi bisa zaman kujera ba. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Gure a ƙarshen shekarar 1852, ya tarar da Muniyoma Koso yana sarautar ƙasar Muniyo, rubutu a wancan zamani aikin 'yan tsirarun malamai ne, sauran talikai kuwa abincinsu yana cikin gona, da kiwo, da ban ruwa a kwaruruka, da ɗibar kanwa da dafa mangul, da fatauci a bayan jaki da raƙumi. Ko malamin da ya lazimci rubutun Alƙur'ani, wanda ƙasar Barno da maƙwabtanta suka shahara da shi, bai zama kamar ku ba, domin yakan tsaya ya tsoma alƙalami a tawada, ya tsaya ya feƙe shi, ya jira shafi ya bushe, ya tashi ya duba almajirai, in damina ta sauka kuma ya ɗauki hauya. Cututtukan kakanninku na yawan wahala ne. Naku kuwa na ƙarancin motsi ne, saboda haka maganin da suka gadar muku, watau hutu da kwanciya, ba kullum yake dacewa da irin taku gajiyar ba.

To, domin nasiha ta zauna bisa hujja, bari mu duba yadda Mahalicci ya tsara wannan sashe na jiki. Kan baligi yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka, an kuwa ɗora shi bisa ƙananan ƙasusuwa guda 7 da aka jera ɗaya kan ɗaya, da guringuntsi a tsakaninsu, da tsokoki masu riƙe su ta gaba da ta baya. Kun sha ganin mace ta ɗauko tulu daga rijiya, ta daidaita shi bisa gammo a tsakiyar kanta, ta yi tafiya mai nisa cikin rairayi tana hira, ko haki ba ta yi. Amma da za a ce ta riƙe tulun nan da hannu biyu ta miƙa shi gabanta, ko ƙofar gida ba za ta kai ba sai ta dire, alhali ruwan bai ƙaru da ko ɗigo ɗaya ba. Haka sha'anin kai da wuya yake. Muddin kunne yana saitin kafaɗa, ƙashi ne ke ɗauke da nauyin. Da zarar kai ya leƙa gaba, sai nauyin ya koma kan tsokokin ƙeya. Wani likitan ƙashin baya a birnin New York na Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a shekarar 2014, ya nuna cewa idan kai ya karkata gaba da digiri 15, abin da wuya ke ɗauka yakan kai kilo 12, a digiri 30 kilo 18, a digiri 60 kuwa, watau irin sunkuyon mai duba wayar da ke kan cinyarsa, kilo 27. Sunkuyon kansa ba laifi ba ne, don an halicci wuya ya sunkuya ya ɗaga. Illar tana cikin daɗewa, domin tsokar da ta ɗaure ta tsaya wuri ɗaya sa'o'i, jini ba ya ratsa ta yadda ya kamata, sai ta gaji, ta yi tsami, ta ƙulle.

Dangantakar wuya da hannu kuwa ita ce, jijiyoyin ji da motsi waɗanda ke tafiyar da hannu duka daga lakar wuya suke fitowa, ta ƙananan kafofi tsakanin ƙasusuwan nan, su ratsa kafaɗa da hamata, su gangara har kan yatsu. Saboda haka sau da yawa mutum yakan ji zafi a damtse ko a yatsa, ya dinga shafa musu mai, alhali tushen abin yana can sama. Ɗaya daga cikin jijiyoyin nan tana bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu tare da igiyoyin tsoka guda 9 masu lanƙwasa yatsu, in wurin ya kumbura ya matse ta, sai babban yatsa da manuniya da na tsakiya su riƙa mutuwa, galibi da dare, har mutum ya farka yana yarfa hannu. Mata masu ciki da masu ciwon sukari sun fi kowa saurin gamuwa da wannan. Wata jijiyar kuma tana bi ta bayan gwiwar hannu, kusa da fata, shi ya sa mai yawan dogara gwiwar hannunsa a bakin tebur yakan ji ƙaramin yatsansa ya mutu. Idan ɗayanku ya ce wa abokinsa, "Sanyi ne ya kama ni," ko "Na kwanta ba daidai ba ne," ko "Jijiya ce ta hau," mai yiwuwa ya yi gaskiya; amma in abin ya zama ba ya tashi sai ranakun aiki, yana kuma sauƙi ran Asabar da Lahadi, to, ya bar zargin sanyi, ya tuhumi zamansa.

Kada ku zaci kwamfuta ce ta zo da wannan cuta. Wani likita mutumin Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i a shekarar 1700, da ya sake fitar da shi a 1713 ya ƙara fasali a kan marubuta da magatakarda, inda ya jingina wahalarsu ga sabubba uku: dawwama a zaune, da maimaita motsi ɗaya da hannu ba canji, da takura hankali don tsoron kuskure a lissafi. Har ya ba da labarin wani magatakarda da ya sani, wanda hannunsa na dama ya fara da gajiya ya ƙare da shanyewa, ya koyi rubutu da hagu, ba a jima ba hagun ma ya bi sawu. Tun kafin shi da ƙarnuka, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya lissafa motsi da hutun jiki cikin sabubba shida na dole waɗanda lafiya ke tsayuwa a kansu, tare da iska, da ci da sha, da barci da farkawa, da halin zuciya, da abin da jiki ke riƙewa ko fitarwa, ya kuma gabatar da motsa jiki a babin kiyaye lafiya cikin littafinsa Alƙanun. A ƙasar Hausa ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa maslahar addini da maslahar jiki cikin littafi guda, Masalihul Insan, domin malamanmu ba su taɓa ɗaukar kula da jiki wasa ba. Kun kuma san yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abdullahi ɗan Amru gyara sa'ad da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya nuna masa jiki da ido da iyali kowanne yana da rabonsa da ba a tauyewa. To, idan ba a yarda a zalunci jiki saboda nafila ba, ina ga zaluntarsa saboda rahoton ƙarshen wata?

Nasihata ta fari, wadda ita ce uwar sauran, ita ce ku riƙa tashi. Kada ɗayanku ya cika sa'a guda bai miƙe tsaye ba, in da hali ma kowane rabin sa'a, ko da na minti ɗaya ne ko biyu, ya taka zuwa taga, ya saki hannuwansa, ya dubi nesa don idanunsa su huta, sa'an nan ya koma. A nan ne kuwa wata ɗabi'a tamu take cutar da mu, domin mun ɗauki zama alamar girma, tashi kuwa alamar ƙanƙanci. Yaro ya kama aiki jiya, yau ba ya ɗauko wa kansa ruwan sha sai ya kira ɗan aike. Takardar da za a kai ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa sai a nemo mai kaiwa. Abokin aikin da bango kaɗai ya raba su sai a buga masa waya. Masallacin da ake jin numfashin ladaninsa sai a hau babur. Yana ganin ya tsare mutuncinsa, bai san ya ba ɗan aiken lafiya ya riƙe wa kansa ciwo ba. Ku kai takardunku da ƙafarku, ku tashi ku tarbi baƙo a bakin ƙofa, musamman dattijon da ya taso tun daga Kelle ko Gidigir ko Bune don neman takarda ɗaya, za ku sami ladar tawali'u, ku sami addu'arsa, wuyanku kuma ya huta. In wuta ta ɗauke, maimakon ku jawo waya ku ci gaba da sunkuyo, ku ɗauki abin a matsayin izinin miƙewa.

Wani zai ce, "Ai muna tashi salla." Gaskiya ne, kuma ni'ima ce babba, domin alwala da tafiya masallaci da ruku'u da sujada suna warware gaɓoɓin da zama ya ɗaure. Amma akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, salla ibada ce, ba a ƙulla niyyarta don motsa jiki, fa'idar jiki kyauta ce da ke biyo baya, kuma ba ta samuwa sai ga wanda ya cika natsuwa da daidaito, waɗanda kun karanta a Ahalari suna cikin farillan salla. Mai ƙotonta don ya koma tebur ya yi hasara biyu. Na biyu, tsakanin kama aiki da safe da kiran azahar akwai sa'o'i biyar ko fi, wannan tazara kuwa ta yi wa wuya yawa, dole a yayyanka ta.

Nasiha ta biyu game da gyaran wurin zama ce, ba ta kuwa bukatar kujerar ƙasar waje. Ƙa'idar ita ce, aiki ya zo wurin idonka da hannunka, kada kai ka bi shi da wuya. Saman fuskar kwamfuta ya kasance daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, nisanta kamar tsawon hannunka in ka miƙa, tana gabanka sak, ba a gefe ba. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, damtse a sake, kafaɗa ba a ɗage ba, wuyan hannu a miƙe sa'ad da kake buga haruffa. Ka shige cikin kujera har bayanka ya jingina, in akwai rami tsakanin kugunka da majingini ka naɗe tawul ko ƙaramin matashi ka cike shi. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, in kujerar ta fi ka tsawo ka sa bulo ko guntun katako. Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yawancinku ita kuke aiki da ita, tana da aibi na asali, domin fuskarta da haruffanta a haɗe suke, in ka gyara wa ido ka ɓata wa hannu, in ka gyara wa hannu ka ɓata wa wuya. Mafita ita ce ka ɗora ta bisa tarin littattafai ko ƙullin takarda, ka sayi allon haruffa da linzami na dabam ka jona, kuɗinsu bai kai na maganin da za ka sha a shekara ba. Takardar da kake kwafa ka jingina ta tsaye kusa da fuskar na'urar. Kada ka zauna taga tana bayanka ko tana gabanka, don hasken ranar Gure yakan sa mutum ya karkace yana leƙe bai sani ba. Wanda ya haura shekara 40, ko yake ƙanƙance ido kafin ya ga rubutu, ya je a auna idonsa, gama sau da yawa tabarau ne maganin wuya. Sa'an nan ka daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kana rubutu.

Wayar nan kuwa tana da babi nata. Ma'aikaci yakan tashi daga aiki da la'asar, wuyansa ya riga ya gaji, sai ya zarce fada, ya zauna a benci ko tabarma, tun daga shayin fari har na uku kansa yana rataye bisa WhatsApp da Facebook, ya koma gida ya tara matasai biyu a ƙeya ya ci gaba har barci ya sace shi. Haka yakan yi a mota in ya kama hanyar Damagaram, kilomita 160 da 'yan kai, kai a sunkuye, mota tana girgiza shi. Ban ce ku bar fada ba, don zumunci ne, ban kuma ce ku jefar da waya ba. Ku ɗaga ta zuwa saitin fuska, ku tallafi gwiwar hannu da ɗayan hannun, dogon saƙo ku aika shi da murya, in hira ta yi daɗi ku sa ta aljihu ku dubi fuskokin abokanku. Da dare kuma matashi ɗaya ya isa, wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa in an kwanta ta gefe. Kwanciyar rub-da-ciki, wadda dama shari'a ta ƙi, tana barin wuya a murɗe har asuba.

Nasiha ta uku ita ce motsa gaɓoɓin da abin ya shafa, a hankali, ba da fizga ba. Ka zauna ko ka tsaya sosai, idonka yana duban gaba, ka ja haɓarka baya kai tsaye ba tare da ka sunkuyar da kai ba, ka ƙirga biyar, ka saki, ka maimaita sau goma. Wannan yana mai da kai mazauninsa. Ka juya fuska dama har iyakar inda ba zafi, ka dawo, ka juya hagu. Ka karkatar da kunne wajen kafaɗa, ɗayar kafaɗar tana sake, ka tsaya kamar numfashi biyar, ka sauya gefe. Ka ja allunan kafaɗarka baya su kusanci juna, ƙirji ya buɗe, ka ƙirga biyar, sau goma. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka dafa gefenta biyu da damatsanka, ka matsa gaba kaɗan har ka ji ƙirji ya miƙe. Ka miƙa hannu ɗaya gaba, ka kama yatsunsa da ɗayan ka jawo su baya a hankali, sa'an nan ka lanƙwasa su ƙasa. Dukan wannan bai wuce minti uku ba, ana iya yinsa da babbar riga ko da hijabi, sau biyu ko uku a yini. Mizaninsa kuwa shi ne, jin miƙewa da ɗan tsami ba kome. Amma in zafi ya harba zuwa hannu, ko yatsu suka ƙara mutuwa, ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya nan take.

Sai dai miƙa kaɗai sauƙinta na ɗan lokaci ne. Abin da bincike ya fi ƙarfafawa shi ne ƙara wa tsokokin wuya da kafaɗa ƙarfi, yadda aikin da ke gajiyar da su jiya zai zama musu ƙarami gobe. Wani masani a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak, Lars Andersen, da abokan aikinsa, sun nuna a shekarar 2008 cewa mata ma'aikata masu ciwon wuya da kafaɗa sun sami sauƙi mai yawa bayan mako 10 suna ɗaga ƙarfe na minti 20, sau uku a mako. A 2011 kuma suka gwada ma'aikata 198, waɗansu suna jan roba minti 12 a ranakun aiki, waɗansu minti 2 kacal, waɗansu ba sa yi. Bayan mako 10 ciwo ya ragu ga masu jan robar duka, ragin da masu minti 2 suka samu kuwa bai yi nisa da na masu minti 12 ba. Abin da suka yi bai fi ƙarfin kowa a Gure ba. Ka je wurin mai faci ya yanko maka doguwar roba daga tsohuwar robar cikin taya, ka taka tsakiyarta da ƙafa, ka riƙe bakinta biyu, ka ɗaga hannuwanka ta gefe, suna ɗan karkata gaba, har su kai saitin kafaɗa, ka sauke a hankali, ka yi ta maimaitawa har kafaɗa ta gaji. Sa'an nan ka ɗaura ta a ƙarfen taga ka riƙa jawo ta wajen ƙirjinka. Wanda bai sami roba ba ya cika gora biyu na lita ɗaya da ruwa, kowace kilo ɗaya ke nan, in ya ƙware ya cika su da yashi. Sharaɗin abin shi ne dawwama da ƙari sannu a hankali. Mai yin sa'a guda ranar Lahadi ya bari sai wata mai zuwa, ciwo kawai ya saya.

Bayan wannan, jiki duka yana bukatar rabonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shiriyar da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Mafi ƙaranci rabin sa'a ke nan, kwana biyar a mako, ƙasarmu kuwa ta rairayi ce, tafiya a cikinta ta fi ta kwalta aiki. Ku zaɓi bayan sallar asuba ko gab da magariba, musamman a bazara, ku sha ruwa isasshe. A watan azumi ku sassauta, ku mai da shi bayan buɗa baki. Mai gona ko garka a kwari kada ya ce ya zama ma'aikaci ya fi ƙarfin hauya. Ku kuwa 'ya'yana mata, na san da yawanku kuna tashi daga tebur ku faɗa wa wanki da tsintar shinkafa da goyo, har a ce ai kuna motsi. Amma yawancin ayyukan nan su ma a sunkuye ake yinsu, saboda haka ku ɗaga bahon wanki bisa turmi ko benci, ku riƙa sauya kafaɗar da kuke rataya jaka, ku yi jan robar nan a tsakar gida. Ku kuma mazajensu, taimakon iyali a aikin gida sunna ce, maganin kafaɗunku ne ku ma.

Kada a manta da sababi na uku da Ramazzini ya ambata. Mai damuwa kafaɗunsa a ɗage suke bai sani ba, haƙoransa a cije, numfashinsa gajere. Tsoron shugaba, da bashi, da nauyin dangin da suka zuba wa albashi ɗaya ido, duk a ƙeya sukan taru. Idan ka ji haka, ka ajiye alƙalami, ka ja dogon numfashi, ka sauke kafaɗunka, ka ambaci Allah. Ka tsara aikinka tun farkon wata don kada ya taru maka a kwana uku na ƙarshe, ka kuma ba barci haƙƙinsa, sa'a bakwai ko fi, gama ciwo yakan ƙaru ga wanda bai ƙoshi da barci ba.

Yanzu sai gargaɗi a kan neman sauƙi ta gajeriyar hanya. Na hore ku da nisantar ƙwayoyin masu talla a faranti da bayan keke, waɗanda suka yini a rana, ba a san asalinsu ba. Magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen suna da amfani na 'yan kwanaki bisa shawarar ma'aikacin lafiya, amma lazimtarsu tana ƙwaƙule ciki, tana lalata ƙoda, musamman ga mai shansu da yunwa ko da ƙishirwa. Tramol kuwa, kun ga da idonku abin da ya yi wa samari, da yawansu da sunan maganin gajiya suka fara. Ɗumama wurin da tsumma mai ɗumi, da tausa mai sauƙi, ba su da laifi. Wanda ya je wa wanzami don ƙaho ya tabbata aska sabuwa ce, ya kuma sani ko ya ji sauƙi, in ya koma zamansa na da ciwon zai komo. Amma kada ka yarda kowa, komai sunansa a gari, ya kama kanka ya murɗa da ƙarfi don wuya ya yi ƙara, domin ta cikin ƙasusuwan nan laka ta bi, da jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Galibin ciwon wuya na masu aikin biro yakan yi sauƙi cikin kwanaki ko makonni kaɗan in an gyara zama an ci gaba da motsi, kwanciya da ɗaure wuya ma jinkirta warkewa suke yi. Amma akwai alamomin da ba a yi musu jinkiri, ba a kuma yi musu jan roba. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai ko amai, musamman daga hunturu zuwa bazara, wannan sanƙarau ake tsoro, ƙasarmu kuwa tana cikin yankin da yake addaba. Asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Zafi a hannun hagu ko muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ake tuhuma. Hannu ya saki farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta harɗe, shanyewar ɓarin jiki ce. Haka nan ciwon wuya bayan faɗuwa daga babur, ko hannu yana ramewa yana sakin kaya, ko ƙafa tana harɗewa a tafiya, ko ciwon da ke hana barci tare da rama da gumin dare, wanda tarin fuka na ƙashi yana iya kawowa, ko wanda ya wuce mako shida bai ragu ba. Duk waɗannan a kai su asibitin Gure, in likita ya tura babban asibitin Damagaram a tafi, kada a tsaya shawara da fada.

Daga ƙarshe, da yawanku gobe ku ne shugabannin ofisoshin nan. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta ƙayyade aiki sa'a 40 a mako, ta kuma ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar waɗanda ke ƙarƙashinsa; shari'a ma ta riga ta gaya muku kowane shugaba abin tambaya ne game da waɗanda aka ba shi kiwo. In kun kai wannan matsayi, kada ku harari magatakardar da ta miƙe ta yi taku biyu, kada ku auna ƙwazon yaro da daɗewarsa a kujera, in za a sayi kayan ofis ku tuna da teburin mai buga takardu kafin labulen ɗakinku. Kafin wannan rana kuwa, kowannenku shugaba ne a kan jikinsa, amanar da za a tambaye shi yadda ya tafiyar da ita, wadda kuma iyaye da 'ya'ya da ƙanne suke ci daga guminta. Kada ku jira sai ciwo ya koya muku abin da nasiha ta isa ta koyar. Gobe da safe ku ɗaga kwamfutar, ku nemo robar, ku ƙudurta tashi kowane rabin sa'a, ku riƙe wannan wata uku cur kafin ku yanke masa hukunci. Allah ya ba ku lafiya mai amfani, ya sa albarka a aikinku da abin da kuke samu, ya sa ku tsufa da ƙarfinku kuna bauta masa, amin.